Ruwan Me?

Kullum ƙarfe goma, bayan ya haɗiye magani,
nakan tura kujerar Baba Idwal zuwa bakin taga.
Harlech na kwance a ƙasanmu, jiƙe sharkaf:
tsohuwar fadar dutse, rairayi, teku,
can ƙetare kuma tsaunuka
masu zuwa su tafi yadda gajimare ya ga dama.

Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa hannun dama,
ta haɗa da Turancin bakinsa ta yi gaba.
Ta bar masa hagu, da buroshi uku,
da kalma ɗaya tak cikin harshen kakarsa.
Glas.
Teku glas. Ciyawa glas. Allon dutsen rufin gidaje glas.
'Yarsa Nesta ta ce kada in wahalar da ƙamus,
shuɗi ne, kore ne, wata rana toka-toka,
ya danganta da mai faɗa da irin barcin da ya yi.

Ni aikina ruwa: in cika kofi, in zubar, in sake.
A nan na tuna mu ma da ruwa muke kiran launi,
ruwan goro, ruwan hanta, ruwan ɗorawa, ruwan zuma,
sai ka ce wani ya taɓa jiƙa duniya a ƙwarya
ya bi kowace tsiyaya ya raɗa mata suna.

Sai dai mu masu yanke magana ne.
Farinmu fat, baƙinmu ƙirin, janmu jawur.
Ƙasar nan ba abin da ke kaiwa fat,
sama kan yini tana inda-inda.
Wata Talata na ƙirga toka bakwai a takardarsa:
ta murhun da ya kwana,
ta bayan hasbiya,
ta tsohon cokalin gado,
ta fuskar mai jiran sakamakon asibiti.
Sauran ukun na nema musu dangi a Hausa na rasa,
na bar su haka nan,
jarirai da bakwai ɗinsu bai zagayo ba.

Tsauni ɗaya yake zanawa, wata goma sha huɗu ke nan.
In Nesta ta zo, tsaunin kan matso kusa,
har ka ƙirga tumakin da ke jikinsa.
In ta bugo waya ta ce aiki ya riƙe ta
sai ya ja da baya, ya zama tabo a bango.
Taga kuwa ba ta sauya ba, na duba.

Jiya ya miƙo mini buroshi. Na ce ban iya ba.
Ya yi gyaran murya irin ta tsohon hedimasta. Na karɓa.
Wallahi tagar nake kallo,
amma Kwatarkwashi ne ya fito,
ruwan makuba, rana ta gasa masa kafaɗa,
har da ɗigo biyu a sama da na san mikiyoyi ne.
Kunya ta rufe ni
kamar wanda aka ji yana sambatu cikin barci.

Ya dubi takarda, ya dubi taga. Ya daɗe.
Sannan ya tsoma babban buroshi a ruwa zalla
ya ja daga sama har ƙasa, sau ɗaya.
Jan ya narke, ya gangaro,
ya tarar da guntun shuɗin da ya maƙale a gashin buroshi,
suka haifi abin da ban taɓa gani ba
a marina ko a rumfar mai atamfa.

Na ce, "To wannan kuma ruwan me?"
Ashe da Hausa na tambaya.
Leɓensa ya motsa, na zaci glas zai ce.
Bai ce ba. Ya nuna kofi da haɓa.
Ruwan ya yi dauɗa.
Na tashi na ɗebo wani.